Daga katangar gidanmu zuwa kurmin Kuros Riba: amsoshin tambayoyinku kan hoton ƙadangaru

Masu karatu, assalamu alaikum, barkanmu da ruwa. Tun da aka buga hoton jangwadan nan da na ɗauka a kan rumbun maƙwabcina, a ƙauyenmu da ke gefen Birnin Kudu, wasiƙu suke ta shigowa a kan ƙadangaru, har sun fi na hoton biki da na fasfo yawa. Na zaɓi huɗu. Ta farko za ta ci mana wuri, don ta sosa mini inda ya daɗe yana yi mini ƙaiƙayi.

Tambaya: Baba mai hoto, ina gaisuwa. Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Kibiya. An tura ni bautar ƙasa jihar Kuros Riba. Mun gama sansani a Obubra, an ba ni wata makarantar sakandare a ƙaramar hukumar Akamkpa, kurmi ya kewaye mu ta ko'ina. Ina da kyamara ta hannu da yayana ya ba ni, da gilashinta mai lamba 18-55, irin wanda ke zuwa tare da kyamara. Ina ganin wasu 'yan mitsi-mitsin ƙadangaru a jikin bishiyoyi, wasu ba su kai ɗan yatsa ba. Duk hoton da na ɗauka, ko ya yi duhu ko ya yi dishi-dishi. Kyamarar ce ba ta da kyau, ko hannuna ne?

Amsa: Ɗana, Allah ya sa a gama lafiya, ya dawo mana da kai gida. Kyamararka lafiyarta lau, hannunka ma haka. Haske ne babu.

Abin da ya same ka shi ya same ni, kuma a wannan ƙasa ta Akamkpa, don ni ma can na yi tawa bautar ƙasar, zamanin fim. Asabar ta farko da na shiga kurmi na ƙarar da fim guda mai hoto 36 a kan wani ɗan ƙadangare mai shuɗiyar wutsiya. Na tara kuɗin mota na kai Kalaba aka wanke, na samu benci wajen wani mai shayi a Bogobiri, unguwar Hausawa, na buɗe ambulan. Hoto uku ne kacal za a iya gane cewa bishiya ce a ciki. Ƙadangaren kuwa ko inuwarsa. Ran nan shayin bai shiga ba, don kuɗin fim da na wanki da na mota sun yi wa alawus ɗina babban giɓi.

Mu mutanen Kano da Jigawa rana ta shagwaɓa mu. Ka tsaya a tsakar gida da hantsi, haske har ya yi yawa sai ka rage. A kurmi kuwa bishiyoyi sun yi rumfa hawa-hawa, wasu sun haura mita 40, kuma abin da ke isowa ƙasa na hasken rana bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ba. Idonka ne ke ruɗinka, don yana sabawa da duhu cikin 'yan mintuna, sai ka ga kamar gari a waye yake. Ga lissafin: hoton da za ka ɗauka a ƙofar gidanku a Kibiya da ƙiftawar 1/500 na daƙiƙa, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗe ido haske ya shiga, in ka kai shi gindin bishiyar kurmi ba ka canza komai ba, kusan 1/8 yake nema. A 1/8, numfashinka ma ya isa ya girgiza hoto, balle ga dabba mai motsi.

Abu na farko, ka daina tsoron ISO, wato lambar da ke ƙara wa hoto haske a wuri mai duhu. Ka ɗaga shi zuwa 1600, in ta kama 3200, ka tsare ƙiftawar kada ta gaza 1/200. Hoton zai yi ɗan tsaki-tsaki kamar garin da ba a tankaɗe ba. Ka bar shi. Hoto mai tsaki da idon dabbar ya fito tar a cikinsa ya fi mini mai santsi da ba a gane kai da gindi.

Sai filasha. Wadda ke kan kyamararka, mai tasowa in an danna, za ta yi aiki, amma kada ka harba ta tsirara. Komai na kurmi jiƙe yake, ganye da ɓawon itace da fatar ƙadangaren kansa, haske mai kaifi kuwa in ya faɗa kan abu jiƙaƙƙe sai ya yi farin tabo, bayan hoton kuma ya yi baƙi ƙirin kamar tsakar dare. Ka samu murfin farin bokitin roba, irin wanda haske ke ɗan ratsawa, ka yanka rami daidai bakin gilashinka a gefe ɗaya, ka zura shi yadda sauran faɗin zai tsaya a gaban filashar. Hasken in ya bi ta cikinsa sai ya baje, ya yi taushi, ya sauka a kan dabbar kamar hasken ranar da ke da gajimare. In babu murfi, farar takarda ninki biyu ma tana yi kafin ta jiƙe. Ni har yau da murfin bokiti nake aiki. Da filasha, ka fara daga ƙofar haske f/11, wato ramin da haske ke bi cikin gilashi ya ɗan tsuke, ƙiftawa 1/200, ISO 400 ko 800 don koren bayan ya ɗan fito, ka ɗauki ganye ɗaya ka duba, ka gyara daga nan.

Kada ka yi gaggawar sayen sabon gilashi. Wannan 18-55 da ake rainawa, in ka murɗa shi ya kai 55, ƙarshen jawowarsa, yana iya kama abu daga nisan santimita 25 zuwa 30, kuma a nan ƙadangare mai tsawon santimita 6 ko 7 ya kusa cika hoton. Matsalar dai sai ka matsa kusa ƙwarai, dabbar kuma ba kullum take yarda ba. Gilashin makro, wato na ɗaukar ƙananan abubuwa, mai lamba 90, 100 ko 105, amfaninsa ke nan, yana ba ka girma daga ɗan nesa. Ka bari sai ka gama hidima, ka ga ko sha'awar ta zauna.

Akwai kuma abin da ba a gaya wa sabon shiga. Duk yadda ka matsa kusa, haka wurin da ke fitowa tar yake ƙara sirancewa. Da gilashinka a kusa-kusa, ko a f/11, kaurin wurin bai kai santimita ɗaya ba. Da makro a ƙarshen ƙarfinsa, milimita ɗaya ne da ɗan ɗoriya. Saboda haka ido za ka nema. In ido ya fito, an yafe wa wutsiya. In kana son jikin duka ya fito, ka koma ta gefen dabbar, kai da wutsiya su zama nisa ɗaya daga gare ka. A duhu kyamara takan yi ta kai da kawowa tana neman saiti, wato inda hoton zai fito tar, har dabbar ta gudu, don haka ka mayar da saitin na hannu, ka tsayar da shi, sannan ka riƙa matsawa da jikinka gaba da baya a hankali kamar almajiri a kan allo. Idon na fitowa ka danna. Gwiwar hannunka a jikin bishiya ko a kan gwiwarka, kada ta tsaya a iska.

Yanzu su wa kake gani? Waɗanda ba su kai yatsa ba, masu yawo da rana a jikin bishiya da kan ganyen ayaba da cikin gonakin koko, galibi 'yan ƙananan tsaka ne na dangin da masana ke kira Lygodactylus. Sun bambanta da tsakarmu ta ɗaki, don su da rana suke kiwo, ƙwayar idonsu ma zagaye take. Ɗabi'arsu ita ce in ka matso sai su zagaya bayan reshe. Kada ka bi su zagaye, ba za ka taɓa cim musu ba. Ka tsaya inda kake, kyamara a ido, cikin minti biyu ko uku za ka ga ɗan kai ya leƙo yana duba ko ka tafi. Wannan leƙen shi ne hoton.

Mai shuɗiyar wutsiyar da ya cinye mini fim, daga baya na san sunansa, Holaspis guentheri. Jikinsa a baje yake kamar an danne shi, baƙi da ratsin ruwan ɗorawa, kuma yana iya tsalle daga wata bishiya ya yi shawagi ya sauka jikin wata. Yana son inda rana ta huda rumfa ta faɗo jikin kututture, wato bakin hanya, bakin gona, ko inda babbar bishiya ta faɗi ta bar fili. A irin wannan wuri ka samu haske kyauta. Ka je da hantsi ka zauna.

Na uku kuwa sai da na koma Kuros Riba bayan shekaru, da kyamarar zamani, sannan Allah ya haɗa mu. 'Yar ƙaramar hawainiya ce, Rhampholeon spectrum, da ake samu a kurmin kudu maso gabashin Najeriya da Kamaru. Babbarta ba ta wuce santimita 9 ba har wutsiya, launinta na busasshen ganye, kuma da rana cikin ganyen da ya zuba ƙasa take yawo, ko ka taka kusa da ita ba za ka sani ba. Da dare take hawa ɗan tsiro ta kwanta. Wani dattijon ƙauyen ne ya raka ni, bayan na yi isha'i, kowa da tocila a goshi. Muna bin bakin wani rafi sai ya tsaya cak ya nuna mini wani reshe daidai gwiwata. Na duba, na ce masa ganye ne. Ya yi shiru, bai sauke yatsa ba. Na durƙusa cikin taɓo na ƙara dubawa, sai ganyen ya zama yana da ƙafafu huɗu, kowace ta damƙe reshen kamar awartaki, da ɗan tsinin hanci, ɗigon ruwa guda ya rataye a haɓarta. Barci ya sa ta yi fari-fari kamar toka. Cikinta na ɗagawa yana sauka. Na ɗauki hoto biyar, a na biyar idon ya buɗe ya juyo gare ni, sai na kashe tocilar muka bar mata wurin. Hoton yana rataye a zaurena, kuma baƙo in ya shigo, da wuya ya yarda cewa ba ta fi babban yatsansa ba. Akwai ma wadda ta fi ta ƙanƙanta a arewacin Madagaska, Brookesia nana, da aka bayyana a 2021, namijinta bai cika milimita 22 ba daga hanci zuwa ƙarshen wutsiya. Amma ta Kuros Riba ita ce ke bayan makarantarku.

Ka kula da kayanka. A nan gida ƙurar hunturu ce abokiyar gabar kyamara, a can laima ce. Kalaba tana samun ruwan sama kusan milimita 3,000 a shekara, Kano ba ta cika 1,000 ba. Gilashina na farko fumfuna ce ta ci shi. Na ajiye shi cikin jakar fata a ƙarƙashin gado wata biyu na damina, da na ɗauko na ɗaga shi ga haske sai na ga zare-zare a ciki kamar saƙar gizo-gizo, kuma bai ƙara yin hoto mai kyau ba. Ka sayi robar abinci mai murfi da ke rufuwa gam, ka zuba 'yan ƙunshin silika, irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi, ka riƙa kwana da kyamarar a ciki. Silikar in ta sha laima sai a ɗumama ta a wuta kaɗan-kaɗan ta bushe a mayar. Leda babba kada ta bar aljihunka, don ruwan can ba ya sallama.

Kada ka shiga kurmi kai kaɗai, ɗana, ko da rana tsaka. Gandun dajin ƙasa na Kuros Riba, wanda aka kafa a 1991, yanki biyu ne, Oban da Okwangwo, kuma hedikwatarsa nan Akamkpa take kusa da kai. Shiga cikinsa sai da izini da rakiyar ma'aikatansa. Dajin da ke hannun ƙauye kuma sai ka fara gaida mai garin, ka nemi wanda zai raka ka, ka biya shi haƙƙinsa, inda ya ce ba a shiga kada ka shiga. Takalmin ruwa mai tsawo, dogon wando. Akwai wata 'yar'uwar kasa a can, ana kiranta kasar Gabon, zanen jikinta sak ganyen da ya zuba, tana kwance ba ta motsi. Sana'armu ta durƙuso ce, don haka ka duba inda gwiwarka za ta sauka kafin ka duba cikin kyamara. In ka ga jerin kwarkwasa, ka ba su hanya tun daga nesa.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni malamar firamare ce a wani ƙauye a ƙasar Gwaram. Ina so in tara hotunan dabbobin da ke kewaye da mu in riƙa koya wa yara da su, don na cikin littafi ba irin namu ba ne. Waya ce kawai gare ni, Tecno. Jangwada ba ya bari in matso, in na jawo hoton da yatsa kuma sai ya lalace.

Amsa: Malama, Allah ya saka da alheri, wannan niyya ta yi mini daɗi ƙwarai. Wayarki ta isa.

Jawo hoto da yatsa a yawancin wayoyinmu yanke gefe ne kawai da buɗa tsakiya, ba ya ƙara komai. Kada ki wuce ninki biyu. Maganin shi ne kusanci, kusanci kuma sai da sanin halin mai gidan.

Ƙadangare ba ya ɗumama jikinsa da kansa kamar mu, rana yake jira. Da sassafe jikinsa a mace yake, zai bari ki matso, amma a lokacin jangwada launinsa a dushe yake, ƙasa-ƙasa, har ki ɗauka mace ce. Sai ya sha rana kansa yake yin ja, jikin ya yi shuɗi mai duhu. In rana ta take kuma ya zama kibiya. Tsakanin nan ne rabonki, wajen ƙarfe 8 zuwa 10 na safe, da hunturu a ƙara jinkiri. Kuma kowane babban namiji yana da fadarsa, wata kusurwar katanga, ko kan rumbu, ko tsibin bulo, da matansa a kewaye, kullum nan yake hawa. Ki gano wurin. Ki shimfiɗa tabarma nesa kaɗan ki zauna kina duba littattafan yara, kwana biyu ko uku ba ki ɗauki komai ba, kullum kina matso da tabarmar taku ɗaya. Wanda aka buga hotonsa a fitowar da ta wuce, sai da na yi masa safiya shida.

In za ki matsa, kada ki nufe shi kai tsaye, kada ki zuba masa ido, kuma kada inuwarki ta faɗa kansa, don shaho yake tsammani. Zai yi ta gyaɗa kai yana ɗaga ƙirji. Ki lura, bayan ya gyaɗa sau uku ko huɗu yakan tsaya cak, kai a sama. A wannan tsayuwar ake dannawa. Ki goge idon wayar da gefen mayafi tukuna, ki taɓa kan dabbar a fuskar wayar don saiti ya zauna a nan.

Hausawa sun ce albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko, kuma mai hoto ma yana cin wannan albarkaci. Da bazara ki ajiye kasko da ruwa a gindin katanga, ki jingina wayar da dutse taku ɗaya daga kaskon, ki kifa ta yadda idonta zai koma ƙasa daf da turɓaya. Ki sa abin sauraro mai waya, ki ja da baya iyakar tsawon igiyar. A wayoyi da yawa maɓallin ƙara sauti da ke jikin igiyar yana ɗaukar hoto, ki gwada a taki. Hoton da aka ɗauka daga ƙasa, ido cikin ido, shi ke sa yaro ya ga ƙadangare kamar bai taɓa ganinsa ba. Na sama kuwa, bayansa kawai ake gani, yadda kowa ke gani kullum.

Yanzu da muke cikin damina akwai abubuwa biyu da zan so yaranki su gani. Washegarin daren da shinge ya fito, ƙadangaru kan sauko su yi ta wawaso, hankalinsu duk yana kan ci, ko a jikinsu da mutum. Sannan macen da ke ɗauke da ƙwai takan yi tabo ruwan lemo a gefen cikinta, ta nemi ƙasa mai danshi inda rana ke bugawa ta tona rami, ta zuba ƙwai biyar zuwa bakwai ta rufe, bayan kamar wata biyu 'ya'yan su fito. In kika samu mai tono, ki ɗauka daga nesa, ki sa yara su kafa tsinke su riƙa ƙirga kwanaki. Sunayensu na kimiyya kuwa, akwai manhajar iNaturalist, a kan ɗora hoto da wurin da aka ɗauka, masana su taimaka da suna. Amma ki fara rubuta na Hausa a ƙasan kowane hoto: jangwada, kulɓa, tsaka, hawainiya, damo, guza. Yaran birni da yawa sun daina bambance su.

Tambaya: Baba, ni ɗalibi ne ɗan aji biyar a sakandare a Karaye. Abokina ya ce in ina son hoton hawainiya mai kyau in kama ta in sa ta cikin kular ƙanƙara na ɗan lokaci, za ta daina motsi. Ya ce kuma in na ɗora ta a kan atamfa za ta ɗauki launin atamfar. Gaskiya ne?

Amsa: Yarona, ka yi kyau da ka tambaya kafin ka aikata. Kada ka yi. Sanyin ƙanƙara yana iya kashe ta, in ma ba ta mutu a hannunka ba ta mutu bayan ka sake ta. Kuma babu dalili, don duk cikin dangin nan babu mai sauƙin ɗauka kamarta. Dabbar da tafiyarta ta zama karin magana, me za ka tsayar a jikinta?

Maganar atamfa ba haka take ba. Hawainiya tana sauya launi ne gwargwadon zafi da sanyi, da haske, da halin da take ciki, kuma cikin launukan da Allah ya ba irinta, kore da ɗorawa da ƙasa-ƙasa da baƙi-baƙi. Wadda aka kama takan yi duhu, tabo ya fito mata, ta kumbura ta wangame baki tana huci. Duk wanda ya san dabbar, kallo ɗaya zai yi wa hotonka ya gane cewa a tsorace take.

Zan gaya maka abin da ya hana ni kamu. Ina sabon shiga sana'a na taɓa damƙe wata kulɓa a bayan ɗakin girki, ina so in ɗora ta kan turmi inda haske ya fi kyau. Ta fizge ta bar mini wutsiya. Wutsiyar ta yi ta mutsu-mutsu a ƙasa ita kaɗai, kaji suka taho. Dabara ce da kulɓa da tsaka suke tsira da ita daga bakin maƙiyi, kuma wata takan tsiro, amma sai an ɗau makonni, ba ta kuma kai ta farko kyau ba. Kullum na ga kulɓar nan da guntun gindi a bakin randa sai in ji nauyi, don ni na jawo mata, a kan hoton da ban ma samu ba.

Ka neme ta inda take. Da damina ka duba shingen lalle, da magarya, da gefen gonar rama. Da dare ta fi sauƙin gani, don in tana barci a ƙarshen reshe takan yi haske a tocila, amma ka tafi da babba, da takalmi rufaffe, saboda kububuwa da kunama. Da rana ka tsaya gefenta ka jira. Idanunta kowane da inda yake kallo, ɗaya gaba ɗaya baya, sai ka bari na wajenka ya juyo ya dube ka sannan ka danna. In ka ga idanun biyu sun haɗu a kan fara, harshe na tafe, kuma ya fi ƙiftawar ido sauri, tsawonsa ya fi na jikinta. Ka danne maɓallin wayar ta yi ta ɗauka a jere, wataƙila ɗaya ya kama. Ina yaro ba na zuwa gona da damina in dawo ban ga hawainiya ba, bana kuwa biyu na gani. In ka samu taka, kada ka nuna wa masu jifa wurin.

Tambaya: Malam, ina da shagon cajin waya a Gujungu. Da dare tsaka suna taruwa a gefen ƙwan lantarkina suna cin ƙwari. Na gwada ɗaukarsu, sai bango ya yi fari fat, ita kuma ta ɓace. Sannan mutane suna cewa tana da dafi.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ba da kasuwa. Filashar wayarka ce ke dukan bango tana dawowa. Ka kashe ta, hasken ƙwan ya ishe ka. Ka tsaya ta gefe yadda hasken zai zo a karkace, nan ne ƙurajen fatarta suke fitowa ɗaya-ɗaya. Ka taɓa jikinta a fuskar wayar, ka ja hasken ƙasa kaɗan, ka jingina hannunka da bango.

Tsakar gidajenmu ba ta da dafi. Abin kiyayewa kashinta ne, wanda kan ɗauki ƙwayoyin cuta masu sa gudawa, don haka a rufe abinci da ruwan sha, a wanke hannu. Maganar hukuncinta a addini kuwa ta malamai ce, a kai musu.

In shagonka yana da taga ko akwatin gilashi, ka jira ta hau kai, ka ɗauke ta daga ɗaya gefen. Za ka ga tafin yatsunta layi-layi kamar kunyoyin gona. A kan layukan nan akwai gashi ƙanana da ido ba ya gani, dubbai a kan dubbai, su ke riƙe ta a jikin gilashi da rufin ɗaki ba tare da wani danƙo ba. Ka dubi idon kuma: ƙwayarsa a tsaye take kamar ta kyanwa, kuma ba ta da fatar ido da za ta ƙifta. In ƙura ta hau, harshe take zarowa ta lashe shi. Takan yi haka sau da yawa bayan ta haɗiye babban ƙwaro, don haka da ka ga ta kama fara ko malam-buɗe-littafi, ka saita a kan kanta, yatsanka a kan maɓalli, ka ƙirga a hankali.